Awa Uku a Shagon Injiniya

Shafi na 12

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri. Da yatsa ɗaya nake rubutun nan, kuma sai na wanke hannu daga aiki. 'Yar'uwar da ta ce in saki matar kowa ya huta, ba a haka. Mu ɗora daga ƙofar shago.

*

Na fi minti goma a tsallaken titi, jakar kayan famfo a kafaɗata, ina kallon ƙofar gilashin shagon Injiniya kamar wanda aka aiko ya auna ta.

Ina hango mayafin matata ruwan toka.

Wayata tana hannuna, ina ta murza bayanta da babban yatsa. Murfin wayar ya daɗe da tsagewa, matata ce ta ɗaure min shi da baƙin salatef. Ita ba ta neman almakashi, da haƙori take yankewa, kuma da yake tana da wushirya, kullum sai ta bar wani ɗan harshe a tsakiya inda haƙoran ba su haɗu ba. In raina ya ɓaci, wannan ɗan harshen nake murzawa. Ranar har ya yi ɗumi.

Wata biyu ke nan ana abu ɗaya. Masu ɗaukar bidiyon biki su kawo mata aiki a cikin ɗan akwatin ajiyar nan da suke kira had dis, wanda ni dai sabulu nake ce masa don girmansu ɗaya. Kafin ta fara gyara bidiyon, sai ta juye shi cikin laftof ɗinta. Juyewar awa uku take ci. Batirinta minti arba'in yake riƙewa, wutar gidanmu kuma ba ta da alƙawari, in ta ɗauke a tsakiya sai a koma farko. Shagon Injiniya mai gyaran kwamfuta yana da sola.

Ni da bakina na ce ta riƙa zuwa can. Abin da ya fi ci na ke nan.

Na tsallaka titin, na tura ƙofa.

Dariya na tarar. Irin wadda take buɗe wushiryar gaba ɗaya ba ta kare baki da hannu. Ni duk zamanmu na ɗauka wannan dariyar a gida kawai ake yin ta.

Fanka ɗaya ce a shagon, kuma wajen matata aka juya ta. Shi yana zaune cikin zafi da farar rigarsa, ƙamshin turare ya cika ko'ina. A gabanta akwai kwalbar lemo mai sanyi tana zufa a kan tebur.

Da ta gan ni dariyar ta tsaya cak, kamar an rufe famfo.

"Malam, lafiya?"

Na ce lafiya lau, aiki ne ya kawo ni layin. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, don ita ta ji ni da safe ina cewa can ƙarshen gari zan wuni.

Injiniya ya miƙo min hannu. Hannunsa taushi kamar na jariri, farcensa fes. Na duba nawa, gam ɗin bututu ya bushe a kai.

"Oga mai famfo da kansa. Ka zo a daidai, na bayan shago yana ɗiga tun jiya."

Na ce yau ban zo da kayan ɗiga ba. Ya kalli jakar da ke kafaɗata, sifana ta leƙo kai, ya yi murmushi.

Na matsa kusa da laftof ɗin. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta lamba. Wani koren layi ya ɗan taɓa gefe, a ƙarƙashinsa an rubuta saura awa biyu da minti arba'in.

Na ce zan jira mu koma tare.

"Awa biyu da rabi fa, Malam."

"Ina da su."

Ta kalle ni, ta kalli kwalbar lemon, ta ture ta gefe kamar ba tata ba.

Babu wata kujera, sai na zauna a kan wani kwali cike da matattun kwamfutoci. Suka koma hira, amma hirar ta rame. Ya tambaye ta wani abu game da launin hoto, ta amsa a gajarce. Kalmominsu rabi ban san su ba. Ni dai ina zaune ina kallon ruwan takalmina yana ɓata masa tayil, ina jin daɗin hakan kaɗan, Allah Ya yafe min.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku: ba tsoron ya fi ni kuɗi nake ba. Tsoron da nake shi ne ya san abin da take so ta yi magana a kai. In ta dawo gida tana ba ni labarin yadda ta haɗa waƙa da shigowar amarya, iyakata in ce ma sha Allah. Shi kuwa zai ce mata a nan kika yi daidai, a can kika yi sauri. Mace tana son a ce mata a can kika yi sauri, in dai mai faɗar ya kalla da gaske.

Ana cikin haka aka banko ƙofa.

Wani dattijo ne, kyamara a wuya, hula a karkace, yana haki. Injiniya ya miƙe yana ce masa Baba mai hoto, barka da zuwa. Dattijon bai tsaya gaisuwa ba. Ya zaro laftof daga jaka, ya zaro sabulu irin na matata sak, ya ce batirinsa ya mutu, motar da za ta kai shi wurin aiki tana tasha ta kusa cika, a juye masa yanzu yanzu.

Na ce a raina, Baba yau ka rasa mota.

Injiniya ya sa wa laftof ɗin caji. Ya ɗaga shi, ya leƙa gefe ɗaya, ya tsallake ramin farko, ya juya ɗaya gefen, ya soka igiyar sabulun a can. Duk bai fi ƙiftawar ido ba. In da ba aikina ne kallon inda ake haɗa abu da abu ba, da ban lura ba.

Koren layin Baba ya tashi da gudu.

Na miƙa wuya. Saura minti goma sha biyu.

Na kalli na matata. Awa biyu da minti ashirin da biyar.

Ba na son in yi tambayar da za a yi min dariya. Can dai na matsa kusa da dattijon, na ce masa a hankali, Baba halan naka aikin kaɗan ne.

Ya dube ni sama da ƙasa kamar na zage shi. Ya ce biki uku ne a ciki, da taron yaye ɗalibai, shi ba ya ɗaukar aiki kaɗan tun kafin a haife ni.

Na ce to me ya sa nasa yake gudu, wancan yake rarrafe.

Dattijo ya samu abin da yake so. Ya manta da mota. Ya kama hannuna ya ja ni ƙasa, ya ce in leƙa cikin ramin da babu komai. Na leƙa. Akwai wani ɗan harshe a ciki, baƙi. Ya ce in leƙa gefen wanda aka soka. Na karkata kai, na hango shuɗi.

"Me kake yi, ɗana?"

"Famfo, Baba."

"To shi ke nan. Bututun rabin inci da na inci biyu, wanne zai riga cika tanki?"

Na gane inda ya dosa.

Ya ce baƙin tsohon yayi ne, a bar wa linzamin kwamfuta da irinsu. Shuɗin shi ne na kaya masu nauyi. Ya ce ko kan igiyar sabulun in na duba zan ga shuɗi a ciki, shuɗi da shuɗi ake aurarwa, wanda ya kai shuɗi gidan baƙi ya zalunci kansa.

Na juya a hankali.

Igiyar matata tana cikin baƙin rami.

A ɗaya gefen laftof ɗin, inda wani ramin ya kamata ya kasance, akwai ɗan guntun baƙin salatef a manne. Baƙi a kan baƙi, sai ka san yana nan za ka gan shi. Na san yana nan. Na taɓa tambaya a gida, ta ce min ramin ya lalace, kada a taɓa, zai iya ƙona aikin mutane. Ban sake bi ta kai ba. Wa zai yi musu da mai abu?

Yanzu kuwa komai ya jeru a kaina. Wa yake gyara mata laftof? Wa zai ce rami ya lalace a yarda? Wa yake da fanka da lemo da sola? Mutumin nan ya toshe babban bututu, ya bar mata ƙarami, don tanki ya daɗe bai cika ba, ita kuma ta daɗe a zaune a gabansa.

Wallahi wani abu mai kama da sanyi na ji tare da zafin. Don in haka ne, ita ba ta da laifi. Yaudararta aka yi.

Na miƙe.

"Injiniya, wannan ramin da aka rufe, me ya same shi?"

Bai ɗago ba. Yana ta juya wani ɗan sukurudireba a hannu.

Ita ce ta amsa. "Malam, na gaya maka ai. Bar shi kawai."

"Shi na tambaya."

"Aikin mutane ne a kai. In ya lalace ni za a kama, ba kai ba."

Na ce ba zan lalata komai ba. Ni ban taɓa kwance bututu ruwa yana gudu ba, sai na rufe daga sama. Na roƙi Baba ya nuna min inda ake rufewa.

Baba ya ce wannan ai ba wuya. Nasa ya riga ya gama, amma ya ce mota ta jira, direban ɗan ƙanwarsa ne. Ya matsa gaban laftof ɗinta ba tare da ya nemi izini ba, ya tsayar da juyewar, ya danna wani wuri a ƙasa, ya jira ɗan hasken jikin sabulun ya daina ƙiftawa. Sannan ya ce to yanzu zare.

Na zare.

Ta ɗora hannunta a kan nawa. Hannun ya yi sanyi.

"Don Allah, Malam. Mu je gida."

Da a gida ne ta yi min wannan muryar, da na bari. Ko me ta ce da ita ina bari. Amma fankar tana kaɗa mayafinta, turarensa yana shiga hancina.

Na sa farce na ɓamɓare salatef ɗin. Na manna shi a bayan hannuna, yadda nake yi a wurin aiki don kada in yar wa mutane datti a ƙasa.

Ramin yana nan fes, ko ƙura babu. Shuɗi kamar sabuwar roba.

Na soka igiyar. Ta shiga daidai, ba gardama.

Laftof ya yi ɗan ƙara. Baba ya sake tayar da juyewar daga farko. Dukkanmu huɗu muka zuba wa gilashin ido.

Lambar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.

Minti goma sha huɗu.

Baba ya tafa hannu ya ce rami lafiyayye kamar shi, wanda ya ce ya lalace a ba shi sabon tabarau. Ya juya yana neman wanda zai taya shi dariya. Ya kalli fuskata, ya kalli tata, ya kalli ta Injiniya. Dariyar ta koma ciki. Ya tattara kayansa a hankali, ya ce af, ashe mota tana jira, Allah Ya ba da haƙuri. Har ya kai ƙofa ya dawo ya ɗauki hularsa da ta faɗi garin leƙen rami.

Fanka tana ta kaɗawa.

Koren layin yana tafiya kamar ruwa a sabon bututu.

Minti goma sha huɗu. Batirinta yana riƙe arba'in. Ko a kan tabarmar ɗakinmu za ta juye, wuta ta zo ko kada ta zo, har ta sami ragowa. Ba ta buƙatar sola. Ba ta taɓa buƙatar shagon nan ba.

Ni ba mai faɗa ba ne, ku da kuke bin labarin kun sani. Ko a makaranta ni ne mai riƙe wa masu faɗa riga. Don haka ban ɗaga murya ba. Na tsaya a gaban teburinsa, na ce masa zuwanta goma sha ɗaya ina ƙirgawa. Na ce duk ranar da ta zo nan, ni nake komawa gida in tarar da ɗaki a rufe, in zauna a bakin ƙofa ina gaya wa maƙwabta aiki ne ya riƙe ta. Na ce in famfon mutum ya lalace aka kira ni, matarsa ce take buɗe min ƙofa, kuma ban taɓa sassauta wata ƙusa don a sake kira na ba.

"Amana ce sana'a, Injiniya. Kai ka fi ni karatu, ka fi ni sanin haka."

Ya ajiye sukurudireban.

Na ɗauka zai yi musu, ko ya ba ni haƙuri. Na shirya wa duka biyun. Bai yi ko ɗaya ba. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da reza da naɗin salatef, ya ajiye a gabana.

"Oga, ni da wannan nake yanka."

Ban gane ba. Ya nuna min igiyar cajin da ke kan tebur, inda ya naɗe ta. Ya nuna min bayan wata kwamfuta, ya nuna min takardar da ya manna a bango. Duk bakinsu a miƙe, kamar an ja da rula.

"Duba na hannunka."

Na duba.

Gefe ɗaya a miƙe yake. Ɗaya gefen a tattaune, an ja shi har ya ɗan miƙe ya yi fari. A tsakiya kuma ga wani ɗan harshe ya fito, inda haƙora ba su haɗu ba.

Na daɗe ina kallonsa.

Na sa ɗaya hannun a aljihu na ciro wayata, na kifa ta kusa da shi. Ban san me ya sa na yi haka ba, ai na riga na sani. Yatsana ya san wannan harshen fiye da yadda ya san sifana. Amma zuciya tana son a ba ta shaida biyu kafin ta yarda da abin da ba ta so.

Harshe biyu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Laftof ya yi ƙara. An gama.

Babu wanda ya kalle shi.

Na juya gare ta. Ta sunkuyar da kai, tana naɗe bakin mayafinta a yatsa tana warwarewa. Bakinta a rufe gam, kamar tana ɓoye min wushiryar.

Na kira ta da sunan da nake kiranta in mu biyu ne kawai. Ban taɓa faɗarsa a gaban wani ba sai ranar.

"Wushirya."

"Ni na manna."

"Shi ya ce ki manna?"

Ta girgiza kai. Ta ce tun ranar farko da ya gani ya ce mata ta cire, ramin lafiyarsa ƙalau. Ita ta ce ya bar shi.

Na so ta ce kuskure ne. Na so ta ce wata ƙawarta ce ta tsorata ta, ko ta ga tartsatsi sau ɗaya. Da ta faɗi haka, na rantse da na karɓa, na ɗauki jakarta mun tafi, ban sake tayar da maganar ba har abada. Har na buɗe mata hanya, na ce ko dai tsoro kika ji kada aikin mutane ya ƙone.

Ba ta bi hanyar ba.

Ta ɗago. Idonta ya cika, amma ko ɗigo bai zubo ba.

"Kwamfuta minti sha huɗu take buƙata, Malam. Awa ukun ni nake buƙatarsu."

Injiniya ya miƙe ya kashe fankar. Ya je ƙofa, ya juya ɗan allon da ke rataye ya koma an rufe, ya dawo ya tsaya a bayan teburinsa, hannu a aljihu.

Salatef ɗin yana nan a bayan hannuna. Na kasa cire shi.

"Ki yi me da su?"



Ba ni ta kalla ba.

Shi ta kalla.